Littafin gyaran sitiyarin Carina a Garwa

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Na buɗe wannan shafi ne don in riƙa rubuta abin da gyaran ƙafar gaban motata zai ci, tun daga ranar farko har ranar da za a ce an gama. Duk wanda ka tambaya a nan Garwa, a arewacin Kamaru, nawa ake canza rotil, wato gaɓar da ke haɗa sitiyari da ƙafar taya, kuɗin ƙarfen kawai zai faɗa maka, jaka huɗu ko biyar (jaka ɗaya sefa 1,000 ce), ya ja bakinsa ya yi shiru. Kuɗin aiki, da roba, da saitin tayoyi, da tayar da ta riga ta tafi, babu mai kawo su a zance sai ka shiga ciki.

Motar Toyota Carina E ce mai dogon baya, ƙirar 1996, wadda ta gama zamaninta a Turai kafin ta sauka a tashar jirgin ruwan Duwala. Da ita nake cin kasuwannin ƙauye: Pitowa ran Lahadi, Ngong ran Litinin, Adumri ran Alhamis. In tafi da sukari da sabulu da taliya, in dawo da gyaɗa ko masara, wani lokaci bayanta har yana neman taɓa ƙasa. Wanda ya san hanyar Adumri bayan damina ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ƙafar mota ke gani.

Tun tsakiyar damina sitiyarin ya fara wasa. A kan kwalta miƙaƙƙiya sai na murɗa shi faɗin yatsu uku kafin tayoyi su amsa. A kan burji mai gargada kuma wata ƙara ce ke fitowa daga dama, ƙwas-ƙwas, har ina jin ta a tafin hannu. Yau na durƙusa na shafa tayar dama ta gaba. Gefen waje da sauran zane, gefen ciki kuwa ya suɗe tas, waya har ta fara leƙowa.

Takardar bizit teknik ɗina, wato ta gwajin lafiyar mota, za ta ƙare a ƙarshen Nuwamba, jandarmomin hanya kuma ba su san uzuri ba. Na ware sefa 60,000.

Talata, 8 ga Oktoba

Garejin da nake zuwa yana wajen Rumde Ajiya, ƙarƙashin inuwar dogon yaro. Babban yaron garejin ne ya tare ni. Ya kama sitiyari ya kaɗa, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce: "Alhaji, kiremayar ce ta mutu. A sayo okaziyo a ɗora kowa ya huta." Okaziyo shi ne kayan hannu da aka cire daga wata motar. Na ce nawa? Ya ce da ita da kuɗin aiki in tanadi jaka tamanin zuwa casa'in. Na ce Allah ya yi masa albarka, zan jira maigidansa.

Bayan azahar Maigida ya dawo. Dattijo ne, ba ya son yawan magana. Ya sa aka ɗaga gaban motar da jak, aka tokare da guntun katako.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motarsa ba. Kiremayar doguwar sanda ce mai haƙora, kwance cikin bututu tsakanin tayoyin gaba. In ka murɗa sitiyari sai ta zame hagu ko dama. A kowane bakinta akwai wata sanda siririya, biyelet, a ƙarshen biyelet kuma rotil, shi ne ke riƙe da ƙafar taya. 'Yan uwanmu na Najeriya tayarod suke ce musu. Kowannensu yana da ƙwallon ƙarfe zaune cikin ƙoƙo, kamar gaɓar cinyar sa da ake gani a teburin mahauta, da giris a ciki da roba a rufe. Ƙwallaye huɗu ke nan tsakanin hannunka da tayoyi. Ko ɗaya ne ya yi sako-sako, sitiyari zai yi wasa, alhali kiremayar lafiyarta ƙalau.

Maigida ya kama tayar dama, hannu ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya girgiza. Ta ce ƙwas. Ya koma ya kama sama da ƙasa ya girgiza, shiru. Ya ce to, boris da rotil ɗin ƙasa ba su da laifi. Sai ya shimfiɗa kwali ya ce: "Alhaji, kwanta ka ji da hannunka, kada gobe a ce na faɗa maka ne kawai." Na kwanta na dafa rotil ɗin dama, yaro yana girgiza taya. Ƙwallon yana tsalle cikin ƙoƙonsa, ina ji sarai. Ya kai hannuna ciki, na matse biyelet ta saman robar da ta rufe ta. Nan ma akwai motsi, gaba da baya. A hagu babu ƙara, amma robar rotil ta tsage, ta kiremayar kuma ta yage a lanƙwasa.

Da ya yanke sufule na dama, wato doguwar robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa, abin da ya zubo jar laka ce da yashi cakuɗe da tsohon giris. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, shi ke busar da roba ta tsattsage. Damina ta zo, ka ratsa ruwa, laka ta shiga. Daga nan duk juyin da ka yi yashi ne ke cin ƙarfe. Robar jaka uku ce ta kashe ƙarfen jaka goma sha biyar, kuma babu direban da na sani da ke sunkuyawa ya duba ta.

A cikin lakar akwai ɗan jan mai, bai fi cokali ba. Maigida ya shafa ya sunsuna ya ce robar da ke tare man kiremayar ta fara gajiya. "Gumi take yi, ba ta fara zuba ba. A bar ta tukuna."

Abin da ya rubuta mini a bayan kwalin sigari: rotil biyu, biyelet biyu, sufule biyu, giris, mai lita ɗaya. Na tambaye shi me ya sa har da hagu. Ya ce yashin da ya shiga dama ya shiga hagu, bambancinsu 'yan watanni ne, kuma in aka raba aikin biyu, kuɗin saiti ma biyu zan biya. Na ba yara jaka ɗaya ta shayi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Adumri ta wuce ni yau. Na zagaya shagunan kayan mota da ke kewayen babbar kasuwa.

Rotil na Carina hawa uku ne a nan. Akwai adaftabul, wato sabo na araha, cikin farin kwali ko leda, sefa 4,000, biyelet ɗinsa 5,000. Akwai na Japan da Koriya, irin su 555 da CTR, rotil 12,000, biyelet 15,000. Sai okaziyo, wanda ake zazzagowa daga buhu ka zaɓa, 3,000. Na kamfanin Toyota kansa sai an yi oda, mai shagon ma dariya ya yi da na tambaya, ya ce: "Kwastoma, motar 1996 ce fa."

Matsalar hawa na biyu ita ce duk sunan da ya yi fice shi ake kwaikwayo. Kwali ba shaida ba ne. Maigida ya koya mini abin da zan duba, na kuwa gwada a gaban mai shago. Sabon rotil na kirki, in ka kama wuyan ƙwallon da yatsu, da ƙyar zai motsa. Na jaka huɗun da aka miƙo mini, ɗan yatsa ɗaya na sa ya kwanta gefe. Robarsa tana ƙyalli, da tauri, in ka matsa ba ta dawowa da wuri. Zaren da noti ke bi yana da kaushi. Na jaka goma sha biyun ya fi nauyi a hannu, an buga lamba a jikin ƙarfen, ya zo da notinsa da ɗan fil mai baki biyu da ake sokawa don kada noti ya kwance. Mai shagon, wani ɗan Ibo da ya daɗe a garin har Fulatanci ya zauna a bakinsa, bai ɓoye mini ba. Ya ce na araha 'yan taksin cikin gari ke saye, su yi 'yan watanni su canza. "Amma kai mai shiga daji da kaya, araha ba ta ado."

Okaziyo kuwa ban ga hikimarsa a rotil ba. Inji ko giya na okaziyo, wannan na gane, babban ƙarfe ne da ke da sauran rai. Rotil abu ne da aka yi shi don ya cinye. In ka sayi wanda ya riga ya yi shekaru a titin Turai, ragowar da ba ka san yawanta ba ka saya.

Akwai hawa na huɗu da ba a shago yake ba. Ina fitowa wani ya bi ni ya ce kada in ɓata kuɗina, akwai mai daddaƙe tsohon rotil a jaka ɗaya. Yadda suke yi, a ɗora shi a kan maƙera a bubbuga bakin ƙoƙon da guduma har ya matse ƙwallon, wasu har walda suke ɗiga masa. Ƙarar za ta ɗauke, gaskiya ne. Amma abin da ya cinye a ciki bai dawo ba, an dai toshe masa baki. Ranar da ƙwallon ya fice daga ƙoƙo, tayar nan ta rabu da sitiyari ke nan, inda ta ga dama za ta nufa. In a cikin unguwa ne, a tura mota gefe. In a gangaren dutsen Mbe ne, kan hanyar Ngawundare, da tirela a bayanka, sai dai a yi wa iyalinka gaisuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na tambayi dalilin da kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola ba su yi sauƙi ba, tunda naira ta faɗi tun Yunin 2023, yanzu jaka ɗaya ta sefa tana kawo sama da naira 2,500. Amsarsu ɗaya ce: kayan ba a Najeriya ake ƙera su ba, da dala ake shigo da su, ga kuɗin hanya a kowane shinge. Haka aka yi da zuwa-zuwa, man da muka saba saye a kwalba a bakin titi. Tun da aka cire tallafi a can a Mayun 2023 arahar ta tafi, na gidan mai kuma ya koma sefa 840 tun Fabrairun bana.

Ban sayi komai ba sai sufule biyu masu laushi, 6,000.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kira ƙanena da ke Duwala ranar Juma'a, jiya ya shiga Kam Yabasi, unguwar da kayan motar ƙasar nan ke sauka. Kafin mai shagon ya ɗauko komai sai da ya nemi lambar shasi da ke jikin takardar mota, ya tambaya ko sitiyarin mai famfon mai ne, ya kuma ce a auno tsawon tsohuwar biyelet. Na koma gareji muka ɗora awo a gefenta, na ɗauki hoto na tura ta WhatsApp. Wannan tambaya ta kwantar mini da hankali. Biyelet biyu suna iya kama da juna a ido, amma tsawo ko kaurin zare ya bambanta, kuma kayan da ya yi tafiyar sama da kilomita 1,300 ba a mayar da shi.

Irin na Japan ɗin nan, rotil 8,000, biyelet 10,000. Duka huɗun 36,000. Kuɗin aikowa a motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, 3,000, kuɗin babur da na cire kuɗi a Orange Money 2,000. Jimla 41,000, a maimakon 54,000 na Garwa. Ƙanena ya ce: "Yaya, ka ga na cece ka da jaka goma sha uku." Na ce Allah ya bar zumunci.

Sai dai motar tana tsaye, kuma kaka ce. Yau kayana a bayan motar wani suka je Pitowa, gobe ma haka za a yi zuwa Ngong. Sabuwar gyaɗa tana fitowa, wanda ya riga isa da motarsa shi ke ɗaukar mai kyau.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kayan sun iso ranar Alhamis da dare. Kuɗin dakon da na biya a motocin mutane a wannan jira ya tasam ma jaka goma sha biyar. Wato ni da wanda ya saya a Garwa ya ɗora a ranar, kunnen doki muka yi. Odar Duwala ta mai motar da ba ta nema masa abinci ce, ko kuma ta babban kaya da bambancin kuɗinsa ya kai a jira.

Yau aka ɗaura. Na zauna a kan benci tun safe, don aikin ƙafa ba a bar wa yara a tafi kasuwa.

Kafin a kwance komai Maigida ya miƙe sitiyari, ya sa aka ɗaure shi da bel ɗin kujera don kada ya juya. Ya goge zaren biyelet da burushin waya, ya sa alli a inda tsohon rotil ya tsaya. Da ya cire noti, wuyan rotil ya ƙi fita daga ƙafa, don a matse yake shiga, siriri a sama mai kauri a ƙasa. Yaro ya ɗaga guduma zai doki kan zaren, Maigida ya daka masa tsawa. Ya karɓa ya doki gefen ƙarfen ƙafar, inda wuyan ya ratsa, bugu mai kyau, sai ga shi ya faɗo da kansa. Sannan ya riƙa kwance rotil yana ƙirga zagaye da ƙarfi, yaro yana rubutawa a ƙasa da tsinke, don sabon ya shiga daidai inda tsohon ya fito. Wannan ba saiti ba ne, dabara ce kawai ta a iya tuƙa mota zuwa wurin saiti ba tare da tayoyi sun yi faɗa da juna ba.

A tsohon rotil na hagu, abin da aka soka a noti ƙusa ce ta kafinta, an lanƙwasa, ta yi tsatsa har ta kusa tsinkewa. Ba a garejin nan aka sa ta ba. Fil ɗin gaske kuɗinsa bai kai na ƙullin gyaɗa ba.

Biyelet ta fi wuya, don a lungu take, sifana ba ta samun wurin juyawa. Akwai wani siririn faranti da ake lanƙwasawa a gindinta don kada ta warware. Masu gaggawa sukan jefar da shi. Na ga Maigida ya sa sabo ya lanƙwasa shi da kyau. Ya wanke bakin kiremayar da kananzir, ya juya ta ƙarshe zuwa ƙarshe yana duba haƙora, babu wanda ya karye, tsatsa kaɗan ce a gefen dama. Ya shafa giris, ya zura sababbin sufule. Nan muka ɗan yi musu. Yaro ya kawo tsinken robar tsohon tib zai ɗaure, yadda aka saba. Na ce a'a, a sayo maɗaurin ƙarfe. Duk wannan kashe kuɗi daga bakin robar nan ya faro, ba zan bar shi a hannun tsumman tib ba. Maɗauri da giris da fil, 1,500. Jan man sitiyari, irin na giya mai canza kanta, lita ɗaya 4,000. Maigida ya ja kunnena kada in yarda kowa ya zuba mini man burki a ciki, yana kumbura robobi ya lalata su.

Kuɗin aiki ya ce jaka goma sha biyar. Na ce: "Haba Maigida, ni da kai?" Ya ce shi ya sa bai ce ashirin ba. Muka tsaya a goma, yara jaka ɗaya. Ban ja da yawa ba, mutumin da ya hana ni sayen kiremayar da ba na bukata ya ci wannan.

Zuwa yau 64,500 sun fita. Kasafin ya riga ya fashe, ba a je saiti ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Sitiyarin ya daina wasa, ƙarar dama ta ɗauke, amma ya ɗan karkace hagu a miƙaƙƙiyar hanya.

A gareji sun ce za su yi mini saiti da igiya a jaka biyu. Ana zagaya tayoyi huɗu da zare a duba da ido. Ba na raina shi, a ƙauye ya fi babu, kuma akwai tsofaffin da idonsu ya kusa kai na'ura. Amma na zauna na yi lissafi. Tsayin tayar motata daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 600 ne. In bakin tayoyin gaba ya buɗe ko ya tsuke da milimita 3 kacal fiye da ƙa'ida, abin da zare da ido ba lallai su kama ba, to a kowace kilomita ana jan tayoyin nan a kaikaice kimanin mita 5. Garwa zuwa Marwa kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne. Ka je kawai, ka gurza su a gefe tsawon kilomita guda a kan kwalta mai zafi. Haka tayata ta dama ta ƙare.

Na je wurin masu paralelizim, wato saitin tayoyi da na'ura. Mai aikin ya ɗora motar, kafin ya maƙala komai ya sa ƙarfe ya tokari hannun ƙafa na ƙasa, wanda suke kira tiriyangil. Ya kira ni ya nuna mini: silambulok na baya, robar da ke riƙe hannun a jikin mota, ya tsage ya rabu da ƙarfensa, dama ya fi hagu. Ya ce: "Alhaji, in na karɓi kuɗinka yau na cuce ka. Zan saita a tsaye, kana taka burki ƙafar ta ja baya, saitin ya tashi." Bai karɓi ko dala ba.

Na koma na faɗa wa Maigida. Ya ce ya gani tun ranar Asabar, ya ɗauka za su kai bayan kaka, bai so ya tara mini kaya. Na gane nufinsa, amma da ya faɗa, da an yi su tare mota tana sama.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Silambulok biyu 10,000, a nan Garwa, babu sauran jiran Duwala. Matse su cikin hannun ƙafa a wurin mai injin matsi 3,000, kuɗin aiki 5,000. Wani abu da na lura: Maigida bai ƙarasa ɗaure kusoshin ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta. Ya ce in aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba.

Daga nan wurin masu taya. Sabuwa lamba 14 daga jaka ashirin da bakwai take farawa, aljihu kuma ya yi sanyi. Na ɗauki okaziyo biyu a 14,000 kowace. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Mai shagon ya fara turo mini wasu masu zane kamar sababbi, na duba na ga 2015. Na tona har na samu na 2021. Ɗaurawa da daidaita nauyi 3,000.

Paralelizim bayan sallar Juma'a, 5,000. A allon na'urar na ga tayar dama ta buɗe waje sosai, duk da ƙirgan zagayen da aka yi, don sabon rotil da tsoho tsawonsu ba ya zama ɗaya cif. Ya sassauta noti, ya murɗa biyelet kaɗan-kaɗan ta kowane gefe har lambobi suka koma kore, sitiyari a miƙe. Na tsaya a kansa har ya sake ɗaure notocin biyu, na kuma duba sufule ba su murɗe ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na kai kaya Gidar na dawo. Motar tana tafiya a miƙe ko na sassauta hannu, a ramukan da manyan motocin siminti na Figil suka haƙa ma babu ƙara. Na shafa tayoyin gaba da na iso gida, ci ɗaya suke yi ciki da waje.

Na haɗa lissafi: 118,500, ban da kuɗin dakon makon jira. A ciki, rotil biyun da kowa ke ambata 16,000 ne kawai. Tayoyi da ɗaurinsu sun ci kusan ninkinsu. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne tun Maris na 2023, wato gyaran nan ya lashe albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. In na ga ɗan taksi yana sayen na jaka huɗu yanzu, ba na ganin wautarsa. Lissafin yini yake yi, kuɗin maigidan mota na jiransa da yamma. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai daddaƙe rotil ya ɗora wa motar da ke ɗaukar fasinja.

Na ja layi da alƙalami a jikin robar man sitiyari, daidai inda man ya tsaya da safe kafin a tayar da inji.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Bizit ta wuce jiya. Sun duba burki da fitilu, sun girgiza ƙafar gaba, ba su ce komai a kanta ba.

Man kuwa ya sauka ƙasa da layin da kusan faɗin yatsa, sufule na dama ya fara nauyi in an matsa shi. Gumin ya zama ɗigo. In man ya ƙare famfo ne zai fara kuka, shi kuma wani kuɗin ne. Na daina riƙe sitiyari a ƙarshen juyi in ina fita daga layin kasuwa, don nan ne matsin mai ya fi yawa.

Hanya biyu ce. A buɗe kiremayar a canza robobin ciki, kaya 12,000, aiki 15,000. Maigida bai ba ni tabbaci ba, ya ce tsatsar nan ta gefen dama tana iya sake yanka sabuwar roba. Ko a ɗora okaziyo, tsakanin jaka hamsin da biyar zuwa saba'in, a mayar da sababbin biyelet da rotil a kanta. Ko wacce aka bi, paralelizim zai sake cin 5,000.

Wani mai kayan okaziyo ya kawo mana ɗaya gareji, tsaf da ita, a jaka arba'in da biyar. Arahar ta sa Maigida ya ajiye ta a ƙasa kusa da motar ya duba. Inda sandar sitiyari ke shiga yana dama. Ta motar Ingila ce ko ta Japan, masu sitiyari a dama, ba za ta taɓa zama a tamu ba. Mai ita ya ce yana da kaya a hanya daga Duwala, na Beljiyam, za su sauka farkon Disamba. Na ba shi kafin alƙalami jaka goma a gaban Maigida, da sharaɗin sai an ɗora an yi mako ana tuƙawa ba ta ɗiga ba zan cika sauran. Ya so a ce kwana uku, Maigida ya ce mako, ya yarda. Kafin nan akwai rabin litar mai a but, ina dubawa kowace safiya kafin in fita.